Yadda Ake Sassaƙa Bumaran na Katako a Gida

Bumaran lanƙwasasshen katako ne mai fikafikai biyu wanda idan aka jefa shi yadda ya kamata yakan yi da'ira a sama ya dawo wurin wanda ya jefa shi. An fi sanin sa da mutanen asali na ƙasar Ostireliya, inda a shekarar 1973 aka tono waɗansu na katako a wata fadama ta kudancin ƙasar, masu shekaru kusan dubu goma. Sandar jifa kuwa ba ta tsaya a can kaɗai ba, domin an sami irinta a kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar da aka gano a 1922, kuma mu ma a ƙasar Hausa maharba da 'yan farauta sun daɗe suna jifan zomo da kere. Bambancin shi ne kere yana da nauyi, an yi shi ne don ya tafi kai tsaye ya bugi abin da aka nufa, shi kuwa bumaran mai dawowa marar nauyi ne, kuma a yau kayan wasa ne da motsa jiki. Duk wanda ke zaune a Kano zai iya yin sa a tsakar gida da zarto da magagari da samfefa, ba tare da jiran wutar lantarki ba, matuƙar ya fahimci cewa dawowar ba daga lanƙwasar take fitowa ba, daga yadda aka sassaƙa bakunan fikafikan take fitowa.

Abin da ke sa ya dawo

Ya kamata a fahimci wannan tun kafin a taɓa katako, domin wanda bai san dalilin sassaƙar ba zai iya cin gefen da bai kamata ya ci ba. Kowane fiffike na bumaran siffar fiffiken jirgin sama gare shi: cikinsa a shafe yake, doronsa kuma a tashe, bakin gaba mai kauri ne a dunƙule, bakin baya kuma yana sirancewa a hankali. Idan iska ta ratsa irin wannan siffa, takan tura fiffiken zuwa wajen doro. Ana jefa bumaran ne kusan a tsaye, doronsa yana kallon hagu idan mai jifan na-dama ne, saboda haka turin da iska ke yi masa zuwa hagu ne, ba zuwa sama ba.

Yayin da yake tafiya yana juyawa, fiffiken da ke sama a kowane lokaci yana juyawa ne ta inda ake tafiya, na ƙasa kuma yana komawa baya, don haka na sama ya fi saurin keta iska kuma ya fi samun turi. Wannan rashin daidaito da zai kayar da katakon da ba ya juyawa, amma abin da ke juyawa da sauri ba ya faɗuwa ta inda aka tura shi, sai dai ya karkata akalarsa, kamar yadda tayar keke da yara ke garawa a lungu takan sha kwana idan ta ɗan kishingiɗa maimakon ta kife. Haka bumaran ke ta shan kwana zuwa hagu har ya kammala da'ira, yana kwanciya sannu a hankali, har ya iso kan mai jifa a kwance yana saukowa. A shekarar 2008 wani ɗan sama-jannati na Japan mai suna Takao Doi ya jefa ƙaramin bumaran a cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya kuma dawo masa, abin da ya nuna cewa aikin na iska ne da juyi.

Zaɓen katako

A nan ne mafi yawan masu farawa ke yin asara. Idan aka yanko siffar bumaran daga falankin katako guda, jijiyar itacen za ta bi fiffike ɗaya ta gitta ɗayan, kuma a faɗuwar farko ko ta biyu zai karye a gwiwa, wato inda fikafikan biyu suka haɗu. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne filawud, wato katakon da aka yi da siraran falle-falle da aka manne da gam, kowane falle jijiyarsa tana gitta ta na kusa da shi. Masu yin bumaran a Turai sun fi son filawud na itacen da ake kawowa daga Finlan, mai kaurin milimita 5 da falle goma a ciki, amma ba dole ba ne sai an same shi. Abin nema a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo shi ne mai kaurin milimita 6 wanda fallensa bai gaza biyar ba.

A ɗauki katakon a duba gefensa da kyau, a ƙirga layukan. Da yawa daga abin da ake sayarwa a wannan kauri falle uku ne, fatar waje siririya kamar takarda, tsakiyar kuma itace mai laushi da ramuka, kuma irin wannan ba ya jure faɗuwa. Idan shi kaɗai aka samu, akwai dabara: a sayi mai kaurin milimita 3 guda biyu, a shafa musu farin gam na kafintoci ko'ina ba tare da barin wani wuri a bushe ba, a haɗa su, a shimfiɗa su a kan daɓen siminti mai santsi, a ɗora falanki a kai sannan a danne da bulo uku ko huɗu har kwana guda cur. Abin da zai fito yana da falle shida, kuma ya fi mai falle ukun nan da ake sayarwa ƙarfi. Katakon nan na garin itace da ake yin kabad da shi kuwa kada a kusance shi, domin ba shi da jijiya ko kaɗan, yana da nauyi, kuma yana ɓarewa da zarar ya daki ƙasa.

Ba a buƙatar cikakken allon filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Guntu mai tsawon santimita 40 da faɗin 22 ya isa bumaran ɗaya, kuma irin waɗannan guntaye suna zube a shagon kowane kafinta na unguwa. A ganina ya fi kyau mai farawa ya nemi guntaye uku, ya yanka uku a lokaci guda, saboda hannu ba ya gane sassaƙar sai a na biyu ko na uku. A ɗora guntun a kan wuri mai shafe a ga ko ya kwanta daidai. Idan yana da ɗan lanƙwasa kaɗan, a zaɓi fuskar da gefunanta ke ɗagowa sama ta zama doro. Idan kuwa ya murɗe, a ajiye shi a nemi wani.

Sauran kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin zarto mai siririn baki wanda ke iya bin lanƙwasa, ko na lantarki ga mai shi, da magagarin katako mai gefe ɗaya a shafe ɗaya a dunƙule, da samfefa mai lamba 80 da 120 da 220, da abin matse katako a jikin benci ko tebur, da fensir, da ma'auni, da kwali. Duk ana samun su a kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa. A haɗa da takunkumi, domin ƙurar filawud haɗe take da gam, kuma ba abin shaƙa ba ce.

Zana siffa da yankawa

A fara zanawa a kan kwali, domin idan siffar ta yi kyau za a riƙa amfani da kwalin ana fitar da wasu. A ja layi a kwance mai tsawon santimita 35. Daga tsakiyarsa a ja wani zuwa sama mai tsawon santimita 13 da rabi, a ɗiga alama a ƙarshensa; nan ce tsakiyar gwiwa. A haɗa wannan alama da ƙarshen layin farko na hagu da na dama. Layuka biyun da suka fito, kowanne kimanin santimita 22, su ne tsakiyar fikafikan, kuma kusurwar da ke tsakaninsu ta kai wajen digiri 105, wadda ta dace ƙwarai da mai koyo. A kowane gefe na waɗannan layuka a auna santimita 2 da ɗan ɗoriya, yadda faɗin fiffike zai zama kamar 4 da rabi, a bar gwiwa ta fi faɗi, wajen 5 da rabi zuwa 6, saboda nan ne wurin da ya fi shan wahala. A zagaye kan fikafikan da bakin ƙaramin kofi, a kuma mayar da kusurwar gwiwa ta ciki da ta waje lanƙwasa mai laushi, domin kusurwa mai kaifi a ciki ita ce mafarin tsagewa.

A yanke kwalin, a ɗora shi a kan katako yadda jijiyar fallen sama za ta bi layin da ya haɗa kan fikafikan biyu, a zagaye da fensir. Wajen yanka a matse katakon sosai, a bi wajen layi da kamar milimita ɗaya, kada a tura zarto da ƙarfi a lanƙwasa don kada fallen ƙasa ya yage. Bayan nan a daidaita gefen da magagari har ya hau kan layi.

Sassaƙar fikafikai

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. A kwantar da katakon a gaba, doro yana sama, gwiwa tana nesa da mai aiki, kan fikafikan biyu suna fuskantarsa. Ga wanda ke jifa da hannun dama, gefen dama na kowane fiffike shi ne bakin gaba. Ma'ana, a fiffiken dama bakin gaba shi ne gefen waje, a fiffiken hagu kuma shi ne gefen ciki. Ga bahago sai a juya lamarin gaba ɗaya, gefen hagu na kowane fiffike ya zama bakin gaba. Bumaran na dama ba ya yi wa bahago aiki, don haka idan a gidan akwai yaro bahago a sassaƙa masa nasa daban. Kafin a ɗauki magagari a rubuta "gaba" da "baya" da fensir a jikin kowane gefe, domin kuskure a nan ba ya gyaruwa.

Sai a ja layukan jagora a kan doro. Daga bakin gaba a shiga ciki da milimita 6, a ja layi ya bi tsawon fiffiken. Daga bakin baya a shiga da milimita 18 zuwa 20, a ja wani. A kaurin gefen kuma a yi alama: a bakin gaba a tsakiyar kaurin, a bakin baya kuwa milimita ɗaya da rabi daga ƙasa. Aikin magagari shi ne ya cinye abin da ke tsakanin layin doro da alamar gefe, yadda gaba zai zama gajeriyar gangara mai tsayi, baya kuma doguwar gangara mai sauƙi.

A matse fiffike ɗaya a bakin benci, ɗayan yana waje, a sa guntun kwali tsakanin ƙarfe da katako don kada ya bar tabo. A riƙa tura magagari daga doro zuwa gefe, a karkace, da dogon ja, ba a tsaya ana cin wuri ɗaya ba. Idan aka ja shi daga ƙasa zuwa sama zai ɓamɓare falle. Da an ɗan ci, za a ga layukan gam sun fara bayyana a kan gangarar, baƙi-baƙi tsakanin farin itace, kuma su ne madubin aikin. Idan suna tafiya a miƙe, a jere, da tazara iri ɗaya daga gwiwa har kan fiffike, to gangarar ta daidaita. Inda layi ya kumbura ya nufi gefe, akwai tudu da ya rage a ci. Inda ya lotsa ya shiga ciki, an zarce, sai a sassauta hannu a wurin a daidaita na kusa da shi. A bakin baya layukan za su baje da faɗi, a bakin gaba kuma su matsu kusa da juna. Wanda ya koyi karanta waɗannan layuka ba ya buƙatar wani ma'auni kuma.

A gwiwa bakin gaba na wannan fiffike yana haɗuwa da bakin baya na wancan, saboda haka a narkar da ɗaya cikin ɗaya a hankali, a kuma bar tsakiyar gwiwar da cikakken kaurinta. A kan fiffike, a bi zagayen da gajeriyar gangara irin ta gaba har ta shige cikin ta baya. Kada a fere bakin baya ya zama kamar wuƙa da nufin ƙara masa kyau: zai guntule a faɗuwar farko, kuma zai yanki tafin hannu wajen cafewa. Ciki kuwa a bar shi a shafe, iyaka a kashe kaifin gefensa.

Daga nan sai samfefa. A naɗe mai lamba 80 a jikin guntun katako a goge sawun magagari, a dunƙule bakin gaba har yatsa ya bi shi ba tare da jin kusurwa ba, a kuma shafe gaɓar da ke tsakanin gangara da saman doro. A bi da 120, a ƙare da 220. Idan akwai ƙaramin sikeli irin na masu sayar da kayan ƙamshi, a auna. Nauyin da ke tsakanin giram 55 da 80 shi ake nema a wannan girma. Kada a yi fenti tukuna, domin gwaji zai iya nuna cewa akwai sauran ci.

Gwajin farko

Bumaran irin wannan yana yin nisan mita 25 zuwa 35 kafin ya juyo, kuma yana dawowa da ƙarfin da zai iya fasa goshi ko gilashin mota. Ba a gwada shi a lungu, ko a tsakar gida, ko a filin da yara ke buga ƙwallo. A nemi fili da babu mutum ko dabba ko wayar lantarki a tazarar mita 50 ta kowace fuska, kamar filin wasa na makaranta a ranar hutu bayan an nemi izini, ko wani gefe na Filin Sukuwa lokacin da ba kowa. Masu kallo su tsaya a bayan mai jifa, idonsu a kan katakon, kuma ba a jefa biyu a lokaci guda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sanyin safiya ko dab da magariba, sa'ad da iska ke kaɗawa a hankali. A tsakiyar hunturu, idan iskar arewa maso gabas ta taso da ƙura, ko a damina idan hadari ya haɗo, gara a haƙura, domin iska mai ƙarfi za ta kwashe shi ta wuce da shi can baya.

A debi ɗan busasshen ciyayi a sake shi don a ga inda iska ke fitowa. A fuskance ta, sannan na-dama ya juya zuwa dama da kamar digiri 45. A riƙe kan fiffike ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, doro yana kallon fuskar mai jifa, ciki yana kallon waje. A tsayar da shi kusan a miƙe, a ɗan kishingiɗar da shi zuwa dama da digiri 10 zuwa 20 kawai. A nufi saman bishiyoyin da ke nesa, ba sararin sama ba, a jefa ta saman kafaɗa, a karya wuyan hannu a ƙarshe don ya fita yana juyi da sauri. Juyin ya fi ƙarfin damtse muhimmanci, shi ya sa yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya iya karya wuyan hannu yakan fi ƙato dawo da shi. Babban abin da za a kiyaye shi ne jefa shi a kwance kamar ana wurga faifai: zai haura sama a tsaye, ya tsaya, sannan ya rikito da ƙarfi, kuma a haka ne ake karya su ana kuma jin rauni.

Idan ya iso yana saukowa a kwance, a tafa shi tsakanin tafukan hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, nesa da fuska. Idan kuwa ya taho da gudu a daidai kai, a kauce masa.

Gyara bayan gwaji

Kafin a zargi katako a fara gyara jifa. Idan yana sauka a hagun mai jifa, a ƙara juyawa dama daga iska. Idan yana sauka a gaba ta dama, a ƙara fuskantar iskar. Idan yana wucewa ta saman kai ya faɗa baya, an yi ƙarfi da yawa ko iska ta yi yawa. Idan yana haurawa sama sosai, an kishingiɗar da shi fiye da kima.

Idan an gwada duk wannan sau da yawa abin bai canza ba, sai a koma kan katakon. Wanda ke tafiya nesa ba ya son juyowa, turin iska ne bai ishe shi ba: a ƙara faɗaɗa gangarar baya, ko a ɗan ci ƙasan bakin gaba a santimita 5 na ƙarshen kowane fiffike. Wanda ke nutsewa ƙasa a tsakiyar da'ira, a duba shi a kan tebur, sau da yawa za a tarar kan fikafikan sun sunkuya. Maganinsa a kara fiffiken a kan tururin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, a lanƙwasa kansa zuwa wajen doro da milimita 2 ko 3, a riƙe har ya huce. Ɗaga kai yana sa ya tashi sama ya daɗe yana shawagi, sunkuyar da shi kuma yana sa ya bi ƙasa-ƙasa. Wanda juyinsa ke mutuwa da wuri, ko wanda iska ke wasa da shi, a manna masa ƙaramin tsabar ƙarfe da salatif a shafaffen cikin kowane fiffike kusa da kai, zai ƙara nisa da tsayuwa. A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda ana jefawa, in ba haka ba ba za a san wanne ne ya yi aiki ba.

Da ya fara dawowa yadda ake so, sai a goge shi da 220, a shafa masa folish na katako siriri sau biyu, ana bari ya bushe a inuwa tsakanin shafawa. Wannan yana kare shi daga laimar damina da ke kumbura filawud da kuma bushewar hunturu da ke tsaga shi. A sa ja ko ruwan lemo a kan fikafikan, domin katako mai launin ƙasa yana ɓacewa a cikin busasshiyar ciyawa da jar ƙasar Kano. Fenti mai kauri yana ƙara nauyi yana kuma cike bakin da aka sha wahalar sassaƙawa, don haka a taƙaita.

Wanda hannunsa ya faɗa, yana iya gwada hanyar da mutanen Ostireliya suka bi tun asali, wato neman reshe mai gwiwa wanda jijiyarsa ta bi lanƙwasar da kanta. A wurin masu sayar da itacen girki akan ci karo da irin wannan gwiwa ta marke ko ƙirya ko darbejiya, ba sai an sare bishiya mai rai ba. A shafe wuraren da aka yanke da fenti ko kakin zuma, a ajiye a inuwa watanni har ya bushe sarai, sannan a kai wa masu injin tsaga katako su fitar da falle-falle masu kaurin milimita 7 ko 8, a ƙarasa da magagari kamar yadda aka bayyana. Waɗannan itatuwa sun fi filawud nauyi, saboda haka a rage faɗin fiffike kaɗan, a kuma nemi fili mafi girma wajen gwaji. Kowane iri aka yi, a ajiye shi a kwance a wuri mai shafe ko a rataye shi ta gwiwa a cikin ɗaki, kada a bar shi a rana ko a cikin mota a rufe, domin zafin bazara yana iya sauya lanƙwasar da aka daidaita da tururi, sai an sake gyara ta kafin jifa na gaba.